Hangen Dala ba shiga birni bane, haka ma kallon tiyata

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ɗan sammin fili in yi magana akan wani abu da ya daɗe yana ci na a rai, wanda wani maƙwabcina ya tono min shi satin da ya wuce.

Bawan Allahn nan dattijo ne mai sayar da hatsi, ya fi shekara uku yana fama da gwaiwa, tun bara likita ya rubuta masa tiyata amma fafur ya ƙi zuwa. Rannan bayan la'asar muna zaune a dakalin masallaci na ce masa Alhaji wai me kake jira ne, sai ta murɗe maka da tsakar dare? Sai ya ce min Malam kai da ka yi aiki a ciki ai ka fi kowa sani, asibitin koyarwa da jikin talaka ake koyo, su yi maka allurar barci babban likita ya yi ficewarsa ya bar yara su yi ta jagwalgwala ka, ni kam ba zan zama allon koyon rubutun kowa ba. Mutanen wajen duk suka ce ƙwarai kuwa. Na buɗe baki zan ƙaryata shi sai naji bakin ya yi min nauyi, don maganar tasa akwai gaskiya a ciki akwai kuma rashin sani, kuma ba abu bane da za a warware tsakanin la'asar da magariba. Shi yasa na ce bari in rubuto.

Ni dai ba likita bane. Nas ne na ɗakin tiyata, shekara 27 na yi ina miƙa wuƙa da almakashi da zare a asibitoci uku kafin in yi ritaya. Amma wanda ke tsaye da farantin kayan aiki shi ya fi kowa ganin hannun likita, don aikinsa kenan, idonka na kan hannun mutum ka san me zai nema tun kafin ya buɗe baki. Hannun da na gani a rayuwata ba zai ƙirgu ba, mai rawa da mai nauyi da wanda in yana ɗinki sai ka ji kamar kar ya gama.

To eh, Alhaji ya yi gaskiya, ana koyo. A nan ana koyo, a Landan ma ana koyo. Babu likitan da aka haifa da wuƙa a hannu, duk wanda ka ji ana yabon hannunsa yau to akwai ranar da ya fara kuma akan jikin wani ya fara. Tsarin da muke bi ma ba namu bane, daga Amurka ya samo asali, wani likita ne William Halsted ya kafa shi a asibitin Johns Hopkins da aka buɗe a 1889, inda matasan likitoci ke zama a cikin asibitin shekara da shekaru suna bin babba, ana ƙara musu nauyi kaɗan kaɗan. Shi ake jingina wa maganar nan da kowane ɗalibin likita ya haddace, wato ka ga ɗaya, ka yi ɗaya, ka koyar da ɗaya. A wajenmu yaro zai yi shekara 6 a jami'a, ya yi shekara ɗaya ta haus ofisa, wato sabon likita mai aiki ƙarƙashin kulawar manya, ya yi bautar ƙasa, sannan in yana son tiyata ya ci jarrabawar share fage da suke ce wa firamare ya shiga horo na wasu shekaru biyar ko shida, ya ci jarrabawar ƙwarewa kashi na ɗaya da na biyu, wato fat wan da fat tu, a ɗaya daga cikin kwalejoji biyu, ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas ko ta Afirka ta Yamma. Duk wannan doguwar tafiya, jarrabawa ta fi auna abin da ke cikin kai. Hannu kuwa a ɗakin tiyata ake samunsa, kuma kaso mafi yawa wai ta hanyar kallo.

Na ce wai ne da gangan. Bari in kai ka cikin ɗakin ka ga abin da ake kira kallo.

A ce aiki ne can cikin ƙugu, wuri mai zurfi kamar rijiya. Kwansaltan, wato babban likita wanda suke ce wa Cif, yana gefe ɗaya, babban rajistara, wato likitan da ya yi nisa a horon ƙwarewa, na fuskantarsa, ni ina kusa da farantina, shi kuma ƙaramin likita an ba shi ritirakta, ƙarfen nan lanƙwasasshe da ake ja da shi don ciki ya zauna a buɗe. Yana tsaye a karkace, hannunsa ya bi ta ƙarƙashin hammatar wani, kansa a waje, abin da yake gani bai wuce gwiwar hannun Cif da bayan hular rajistara ba. Awa biyu awa uku yana ja, dantsensa ya fara karkarwa, da ya ɗan saki sai ka ji an daka masa tsawa, ja mana, barci kake yi? A baya kuma ga ɗalibai kusan goma sha biyar sun jeru jikin bango suna ɗage, an ce kar su matso kar su taɓa komai, wani ya hau ɗan benci yana leƙe. Ana gamawa sai yaron ya ɗauko logbuk, littafin da yake lissafa ayyukan da ya shiga, ya rubuta cewa ya taimaka a aiki kaza, Cif ya sa hannu ko dubawa bai yi ba. In ka tara irin wannan guda hamsin a takarda sai ka rantse yaron nan ya ga aiki hamsin, alhali wallahi wani ko sau biyar bai ga inda allura ta shiga ba.

Kuma ko da ya gani ɗin, akwai abin da ido ba ya ɗauka. Nauyin hannu ba a ganinsa. Ba zan manta wani dare ba, wajen ƙarfe biyu, janareta ke aiki, aka kawo wani yaro ɗan shekara goma da taifot ta fasa wa hanji, ciwon da duk wanda ya yi aiki a asibitocinmu na arewa ya san shi kamar yunwar cikinsa. Hanjin irin waɗannan yara yakan yi laushi kamar takardar da ta sha ruwa. Rajistaran da ke riƙe da allura ya ga ana wannan ɗinkin ya fi sau ashirin, ya san komai a ka, in ka tambaye shi zai zayyano maka tiryan tiryan. Ya soka allura daidai, ya fitar daidai, ya zo ƙulli ya ja, zaren ya yanke naman ya fito. Ya sake, ya sake yankewa, ramin ya ƙara faɗi. Na ga zufa ta jiƙa masa takunkumi. Babban da ke gabansa, Allah ya saka masa da alheri, bai ce masa uffan ba, sai kawai ya ɗora hannayensa akan na rajistaran, suka riƙe zaren tare, suka ja a hankali a hankali har bakin ramin biyu suka haɗu, sai ya tsaya ya ce ka ji? Nan ake tsayawa, haɗa su kawai za ka yi ba shaƙe su ba. Ƙullin da ya biyo baya rajistaran ya yi shi shi kaɗai kuma ya zauna. Abin da kallo ashirin bai ba shi ba, minti ɗaya na hannu akan hannu ya ba shi. In ka matse da yawa zare ya yanka ko naman ya mutu, in ka sassauta kashi ya yoyo cikin ciki bayan kwana huɗu ko biyar, kuma tazarar da ke tsakanin biyun nan a yatsa take, babu littafin da zai rubuta maka ita.

Wani abin kuma, sabon shiga bai ma san inda zai kalla ba. Idonsa na kan hannun dama mai riƙe da allura don shi ke motsi, alhali hannun hagu ne ke yin rabin aikin, shi ke ɗaga nama ya juya shi ya miƙo wa allura. Kuma in ka lura da idon gwani, ba bakin ƙarfen yake kallo ba, inda allurar za ta ɓullo yake kallo. Kamar mai koyon mota ne da idonsa ke kan sitiyari da giya, direban gaske kuwa idonsa na can kan titi. In ba a ce wa yaro kalli nan ba, zai iya shekara yana kallon inda ba shi bane.

Ba wai ina cewa kallo banza bane, a'a. Masana sun nuna cewa ƙwaƙwalwa tana kwaikwayon abin da ido ya gani. A farkon shekarun 1990 wasu masu bincike a garin Parma na Italiya, ƙarƙashin Giacomo Rizzolatti, suka gano wasu ƙwayoyi a ƙwaƙwalwar biri da ke motsawa in birin ya miƙa hannu ya ɗauki abinci, kuma su ɗin dai suke motsawa in yana zaune ya ga mutum ya ɗauka. Amma wanda ya fi burge ni shi ne wani bincike da aka yi a Landan aka buga a 2005. Sun ɗauko gwanayen rawar bale ta Turawa da gwanayen kafuwera, wata rawa mai kama da faɗa ta ƙasar Birazil, da kuma mutanen da ba su iya ko ɗaya ba, suka sa su a na'urar hoton ƙwaƙwalwa suna nuna musu bidiyon rawa. Sai aka ga ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da motsi ya fi tashi in mutum na kallon rawar da jikinsa ya iya. Ma'ana dai wanda ya taɓa gwadawa shi ke gani da kyau. Ni wannan ban buƙaci na'ura ta gaya min ba, kowane tela ya sani, ka ba shi riga ya juya cikinta zai ga abin da ni da kai ba za mu taɓa gani ba.

Nasan wani zai ce to ai akwai waɗanda da kallo kaɗai suka zama gwanaye. Akwai su kam, kuma labarinsu na da daɗin ji, amma a duba yadda suka yi kallon.

Akwai Vivien Thomas, baƙar fata ɗan kafinta a Amurka, ya tara kuɗin karatun likita banki ya rushe da su lokacin karyewar tattalin arziki, sai ya samu aiki a ɗakin gwajin wani likita Alfred Blalock a 1930. Bai taɓa shiga makarantar likita ba. Blalock ya nuna masa yadda ake aiki akan karnuka, ba a daɗe ba ya zama shi ke yi. Lokacin da suka koma Johns Hopkins likitar yara Helen Taussig ta kawo musu matsalar jariran da ake haifa da nakasar zuciya jikinsu ya yi shuɗi, Thomas ne ya yi ta gwada aikin akan karnuka kusan 200 har ya zauna. Ranar 29 ga Nuwamba 1944 da za a fara yi wa wata yarinya, Blalock ne ke riƙe da wuƙa amma Thomas ya hau ɗan benci ya tsaya a bayan kafaɗarsa yana gaya masa yadda zai yi. Kai jama'a, babban farfesa ana nuna masa inda zai soka allura. Sunan aikin ya fita da sunan Blalock da Taussig ba nasa, sai a 1976 jami'ar ta ba shi digirin girmamawa, bayan ya koyar da manyan likitocin zuciya da dama ciki har da Denton Cooley.

Sai kuma Mamitu Gashe ta Habasha, wadda labarinta ya fi kusa da mu tunda ciwon da ya kai ta asibiti mun san shi. Tana 'yar shekara 16 a 1962 doguwar naƙuda ta bar ta da yoyon fitsari, aka kai ta Addis Ababa wajen mata da mijin nan likitoci Catherine da Reginald Hamlin. Da ta samu sauƙi sai ta zauna tana gyara gadaje tana taya aiki, daga nan ta shiga ɗakin tiyata tana miƙa kaya kamar yadda na yi, Reginald ya fara ba ta ta rufe fata, sannu a hankali har ta kai tana ɗinke yoyon da kanta. Matar da ba ta iya karatu da rubutu ba ta zama ita ke koya wa likitocin da ke zuwa daga ƙasashe, har kwalejin likitocin tiyata ta Ingila ta ba ta lambar zinare a 1989. To amma ka lura, su biyun nan babu wanda ya koya daga jikin bango. Kansu na kusa da kan malamin, aiki iri ɗaya suke gani sau ɗaruruwa, kuma ana ba su suna taɓawa tun da wuri, ƙarami ƙarami. Irin wannan zaman kusa da malami shi likitocin da suka je Babbar Ruga a Katsina wajen Dakta Kees Waaldijk koyon ɗinkin yoyon fitsari suka samu, aiki ɗaya safe da yamma har hannu ya faɗa.

Akwai kuma wata illa ta kallo da ba a cika faɗa ba, shi ido ba ya tacewa, mai kyau da marar kyau duk kwasa yake. Ni in sabon likita ya zo daga wani asibitin, daga yadda ya riƙe abin riƙe allura da yadda ya yi ƙullin farko ina iya ce maka yaron wane ne. Har tari da tsaki suke gada. Mun taɓa samun wani Cif mai jifa da almakashi in ransa ya ɓaci, wallahi ba a shekara uku ba sai ga rajistaransa shi ma ya fara jifa, shi a ganinsa yana cikin gwaninta. Kuma ba kowane babba bane gwani, wannan magana ce mai ɗaci amma mu da muke gefen tebur mun sani, mukan san wanda za mu kai 'ya'yanmu wajensa da wanda ba za mu kai ba. Turawa ma sun auna abin. A jihar Michigan ta Amurka, binciken da John Birkmeyer ya jagoranta aka buga a 2013, likitoci 20 masu tiyatar rage ƙiba kowa ya ba da bidiyon aikinsa guda ɗaya, aka ɓoye suna aka ba 'yan uwansu likitoci su ba da maki ga hannu kawai. Da aka duba marasa lafiya sama da dubu goma da suka yi wa aiki, waɗanda makinsu ya fi ƙasa kashi 14.5 cikin ɗari na majinyatansu sun samu matsala bayan aiki, na sama kuwa kashi 5.2 ne. Abin mamakin shi ne yawan shekaru a aiki bai nuna waye gwani ba, yawan yin aikin ne ya nuna. To yaron da Allah ya haɗa shi da na ƙasan, shekara biyar yana kallonsa, me kake zaton zai ɗauka?

Ni ma fa ba zan wanke kaina ba. Na taɓa yi wa wani haus ofisa dariya a gaban mutane don ya tambaye ni sunan wani ƙarfe da ko ɗalibin nas ya sani, na ce likita guda? Daga ranar har ya bar sashenmu bai ƙara tambayata komai ba, kuma na tabbata akwai abubuwa da yawa da ya bari bai sani ba saboda ni. Har yau in na tuna sai naji ba daɗi. Yaron da ke tsoron tsawa ba kallon aiki yake ba, kallon fuskar oga yake.

Malamin da ya fi kowa iya koyarwa cikin waɗanda na yi aiki da su wani dattijo ne da bakinsa ba ya shiru, kamar mai sharhin ƙwallo a rediyo. Ga jijiyar nan kun gan ta, ba zan yanka nan ba saboda bututun fitsari na kwance a ƙasanta, kai matso ka sa yatsa ka ji, a'a ba nan ba, nan. In aiki ya ɗan lafa sai ya ce da mai riƙe ritirakta kawo in riƙe maka kai ka leƙa. In zai koya wa mutum sabon abu kuwa sai ya yi shi sau ɗaya da saurinsa na kullum, a na gaba ya yi a hankali yana bayani, a na uku ya ce to yau kai ne baki ni ne hannu, faɗa min in yi, ba zai motsa ba sai yaron ya faɗi mataki na gaba, a na huɗu sai ya koma ɗaya gefen ya miƙa masa wuƙa. Daga baya ne na ji ashe wannan matakai huɗun har suna gare su a littattafan koyarwa, wani likitan tiyata Rodney Peyton ya tsara su a 1998. Aikin dattijon nan yakan fi na kowa daɗewa, mu nas nas muna ta ƙunƙuni don muna son mu tashi, amma yaransa ne yau ake rububinsu.

Abin da nake roƙon shugabannin asibitocin koyarwa da kwalejojin nan biyu ba wani abu ne mai tsada ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bai kamata a ce ranar da yaro zai fara haɗa hanji da hanji ta zama akan ɗan wani da ƙarfe biyun dare ba, alhali kullum asuba ana yanka shanu da tumaki a kwata, hanji na nan nawa ne? A tanadi ɗaki ɗaya da tebur da fitila da tsofaffin kayan aiki da firji, a sa babba ɗaya ya riƙa zama da su. Wannan ba sabon abu bane, tun zamanin Sushruta na tsohuwar Indiya ɗalibai akan duma da kankana da fatar dabba suke koyon yanka da ɗinki kafin su taɓa mutum. Akwai wata likita mace da ta yi horo a wajenmu, duk ragowar zaren da bai ƙare ba sai ta roƙe ni in ajiye mata, hannun jakarta da ƙafar kujerar ɗakin hutu duk ƙulli ne rututu, har tsokanarta ake ana ce mata mai kitso, amma ranar da aka ba ta ta ɗaure jijiya a cikin rami hannunta ko gezau. Kuma kar a ce za a tara su a yi musu bita ta kwana ɗaya a raba satifiket da shinkafa a ce an gama. A Toronto an gwada a 2006, matasan likitoci 38 ana koya musu ɗinkin ƙananan jijiyoyi, rabi aka ba su darasi huɗu a rana ɗaya, rabi aka raba musu ɗaya duk sati, bayan wata guda da aka gwada su akan ɓera mai rai na sati satin ne suka fi. Kowace uwa da ta koya wa 'yarta tuƙa tuwo ta san haka.

Sai maganar kyamara. Tiyatar nan ta ƙaramar huda da ake zura kyamara a ciki tana da wani alheri guda, kowa a ɗakin abin da Cif ke gani a talabijin shi yake gani, har na jikin bango. Kuma ana iya koyonta a akwati ko a kwamfuta kafin a zo kan mutum, a jami'ar Yale a 2002 an nuna waɗanda suka fara horo a kwamfuta sun fi sauri da kashi 29 wajen cire matsarmama kuma kuskurensu ya ragu kusan ninki shida. Mu da yawancin aikinmu na buɗe ciki ne, me zai hana a maƙala 'yar kyamara a jikin fitila ko a goshin likita a jona da talabijin a bango? Yaran yanzu dama duk da YouTube suke kwana kafin ranar aiki, kuma ban ga laifinsu ba, sai dai a can babu mai tacewa, kuma kowa aikinsa da ya yi kyau yake sawa, ba ka ganin inda jini ya ɓalle da yadda aka tare shi, alhali nan ne karatun yake. Gara su ga na malamansu, su kuma ga nasu hannun daga baya a zauna a gyara musu. Amma da sharaɗi, sai da izinin mai jiki kuma a rufe fuska da suna, ba irin abin kunyar da muke gani yanzu ba na ɗora hoton cikin mutane a Facebook don neman suna.

Duk wannan fa sai in akwai wanda za a kalla. Rahoton kwamitin Lancet na 2015 ya ce mutum biliyan 5 a duniya ba sa samun tiyata mai inganci da za su iya biya, ya kuma ce kowace ƙasa ta nemi ƙwararru 20 na tiyata da na barci da na haihuwa ga kowane mutum dubu ɗari, mu kuwa ko kusa ba mu yi ba, ga shi 'yan kaɗan ɗin ma kullum sai ficewa suke Saudiyya da Ingila. Duk kwansaltan ɗaya da ya tafi ba marasa lafiyarsa kaɗai ya bari ba, ya tafi da hannun da yara goma za su kwaikwaya.

Na koma wajen Alhaji da daddare har shagonsa na gaya masa gaskiya tsirara. Na ce gwaiwa tana cikin ayyukan da ake fara ba masu koyo, wannan ba zan ɓoye maka ba, kuma ba laifi bane in dai babba ya wanke hannu ya sa safa yana tsaye a ɗaya gefen. Haƙƙinka ne kafin ka sa hannu a takarda ka tambaya waye zai yi min, kuma babban zai kasance a cikin ɗakin ko kuwa. Amma ka sani in ka je da ƙafarka aka ba ka rana, da safe za a yi manya na nan, in kuwa ka bari ta murɗe aka kwaso ka ƙarfe ukun dare to wanda ke bakin aiki shi za ka samu, kuma galibi ƙaramin da kake gudun ne, ga aikin ya zama babba don wataƙila sai an yanke hanji. Ya yi shiru yana jujjuya mudu a hannu, can ya ce to in ya je ya yi tambayar nan ba za su ce ya cika iyayi su yi fushi da shi ba? Na ce in sun yi fushi ni zan tsaya. Ya ce to ran Litinin in zo mu tafi tare, amma ni zan yi tambayar ba shi ba.

Na gode Edita da wannan fili, a gaida ma'aikata.

Naku,
Tsohon nas ɗin ɗakin tiyata, daga Funtuwa